Littafi Biyu, Bashi Ɗaya

Tsakanin ɗan sari na kasuwar Sabon Garin Zariya da mai tireda na Samaru akwai littafi biyu. Ɗaya yana can cikin durowar Alhaji, ƙarƙashin kalkuleta da damin takardu. Ɗaya kuma yana nan bayan kanta, an ɗaure shi da roba don kada shafukansa su zube. Bashi ɗaya suke ɗauke da shi. Kaya sukan taso daga Sabon Gari a bayan Keke Napep, su bi ta PZ da Kwangila da Palladan, su sauka a Samaru. Kuɗi kuma su koma a hankali, yau ta tiransifa, jibi a hannun yaron shago. Kowa na rubuta nasa. Ranar da aka zauna lissafi sai a buɗe su tare, kuma ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

"Alhaji, wannan kuɗin madarar fa ya yi yawa."

"Ina yawan yake, Malam? Ga shi nan a rubuce, madara uku. Katan uku ke nan."

"Wane katan? Rol uku aka ƙara mini a kan kayan ran nan."

Ba wanda ya yi ƙarya. Yaron da ya ɗaure kayan ne ya rubuta "madara 3", kuma rol yake nufi. Alhaji da ya zo karantawa bayan mako biyu, shi a wurinsa abin da bai kai katan ba bai isa a ɓata masa tawada ba. Lamba ɗaya, sunan kaya ɗaya, amma tsakanin karatun nan biyu akwai dubban nairori. Ba za a rabu ba sai an nemo yaron, in an yi sa'a bai tafi gida biki ba.

Wannan rigimar ce dai take faruwa tsakanin kwamfutocin manyan ma'aikatu, sai dai su ba su da yaron da za a kira. A dubi hanyar da ɗalibi ke bi kafin ya fita daga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke zaune a Samaru tun 1962. Sunansa yana rumbun Hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa. Yana wurin WAEC ko NECO. Yana wurin JAMB, wadda tun 2017 ta ce duk wani gurbin karatu sai ya bi ta manhajarta ta CAPS, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawarta sai da lambar NIN. Kuɗin makarantarsa yana bi ta banki, inda yake da BVN, sannan da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015 kuɗin hukumomin tarayya ta Remita suka riƙa shiga. A cikin jami'ar kanta akwai littafin masu rajista, da na ofishin kuɗi, da na ɗakunan kwana, da na asibitin makaranta, da na Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da na sashensa inda ake tara maki. In ya nemi rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, sai makarantarsa ta tura bayanansa can tukuna. In ya gama, hukumar bautar ƙasa tana jiran jerin sunayen da majalisar jami'a ta amince da su. Yaro ɗaya, littattafai sun fi goma, kuma kowanne wani kamfani daban ne ya gina manhajarsa a wata shekara daban.

In aka ce kowane ofishi ya koyi karanta rubutun kowane ofishi, lissafin ba ya da daɗi. Ofisoshi 6 suna buƙatar gada 15 a tsakaninsu. Ofisoshi 10 suna buƙatar 45. Duk ranar da ɗaya ya sauya manhaja, gadoji tara sun karye lokaci guda. Ɗan sarin da ke da abokan ciniki arba'in daga Samaru zuwa Bomo da Basawa da Hanwa ya daɗe da gane ba zai iya koyon rubutun hannu arba'in ba, ga na boko ga na ajami ga mai zana layi-layi kawai. Abin da ya yi shi ne ya je wurin masu ɗab'i ya buga littafin rasidi mai takardar kabon: gurbin kwanan wata, gurbin suna, gurbin kaya, na adadi, na farashi, na jimla, da lamba ja a saman kowane shafi. Farar takarda ta bi kaya zuwa Samaru, kwafinta ya zauna a Sabon Gari.

A lura da abin da bai yi ba. Bai ce mai tireda ya jefar da littafinsa ba, bai kuma ce a haɗa littafi guda a ajiye a tsakiyar hanya ba. Kowa ya ci gaba da rubutunsa yadda ya saba. Abin da ke tafiya tsakaninsu ne kawai aka yi wa siffa ɗaya. Wannan shi ne abin da masu kwamfuta ke nufi da tsarin bayanai na bai ɗaya. Kowace manhaja ta koyi abu biyu: juya nata zuwa siffar da aka yarda da ita, da juya abin da ya zo a wannan siffar zuwa nata. Ofisoshi 10, gada 10. Gregor Hohpe da Bobby Woolf sun tsara wannan dabarar a littafinsu na 2003 kan haɗa manhajojin kamfanoni, amma ta girme su. Masu ɗakin karatu sun riga kowa: a shekarun 1960 Henriette Avram ta ɗakin karatun majalisar Amurka ta tsara MARC, inda gurbi na 245 yake nufin sunan littafi, na 100 kuma sunan marubuci, ko a wane gari aka rubuta katin. Da wannan ne ɗakin karatu guda yake yin aikin jera littafi sau ɗaya, dubbai su kwafa.

Abin da matasa masu rubuta manhaja suka fi son yin gardama a kai shi ne ko a yi amfani da XML, wanda ya fito a 1998, ko JSON da ya biyo bayansa, ko a tsaya kan tsohon CSV mai waƙafi tsakanin gurabe. A ganina wannan gardamar launin takardar rasidi ce. A zaɓi wanda ma'aikata suka iya, a wuce. Aikin yana can gaba.

Na farko a cikinsa shi ne kada adadi ya fita tsirara. "3" ba magana ba ce sai an ce uku na mene ne. Mai awon hatsi ya san kwano ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma ko kwanon ɗaya ne akwai bambanci tsakanin a shafe shi da a cika shi har ya yi tozo. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda manhajar wani ɓangare tana fitar da ƙarfin tunkuɗa da awon fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta lambobin da awon niyuton. Lambobin suna isa lafiya, ba harafin da ya faɗi a hanya, sai dai kowace ta kauce da ninki huɗu da kusan rabi. Masu katin ATM sun kauce wa irin wannan tun 1987 da tsarin ISO 8583. A cikin saƙon da na'urar mai POS ke aikawa, gurbi na 4 na adadin kuɗi ne, kuma da kwabo ake rubuta shi ba tare da ɗigo ba. Gurbi na 49 kuma yana faɗin wane kuɗi ne: 566 na nufin naira. Kwabo ya daɗe da barin aljihunmu, amma a cikin waya yana nan da ransa.

Kwanan wata ma haka. 03/04/2004 a Zariya 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka gina a Amurka kuwa 4 ga Maris. Tun 1988 akwai ƙa'idar ISO 8601 da ta ce a fara da shekara, sai wata, sai rana: 2004-04-03. Ba wani kyau gare ta ba, amma ba ta da fuska biyu. Sannan a haɗa da agogo. Lokacinmu yana gaban na Girinwic da awa ɗaya, don haka kuɗin da aka biya ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren 1 ga wata, na'urar da ke aiki da agogon duniya za ta rubuta shi a watan da ya gabata. Mai binciken kuɗi ya zo ya ga giɓi a wata guda, rarar da ba a san tushenta ba a wani. A jami'a kuma akwai ƙarin tarko: bayan yajin aikin ASUU na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, sunan zangon karatu ya daina faɗin shekarar da ake ciki. Gurbin da aka rubuta wa "shekara" kawai, wani zai cika shi da ta kalanda, wani da ta zango.

Sai babbar magana, wadda ta fi cin kuɗin talaka: wane ne wannan mutumin?

A littafin bashi ana rubuta "Musa mai shayi", kuma ya wadatar, har ranar da aka samu Musa mai shayi na biyu a layin. Sai a koma "Musa na bakin masallaci" da "Musa dogo". Mutum yana iya wannan domin ya san fuskokinsu. Kwamfuta haruffa take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum uku ne a wurinta. Abdurrahman da Abdulrahman da Abdul Rahman wasu ukun ne. Fom ɗin da muke cikawa an yanka shi ne a kan jikin Bature: sunan farko, na tsakiya, da sunan dangi da ake gada. Bahaushe kuwa sunansa, sai na mahaifinsa, wani lokaci na kakansa, wani lokaci na garinsu. Yaron da hedimasta ya rubuta da sunan Funtua ko Bakori a firamare, a sakandare ya koma sunan mahaifi, a banki kuma ma'aikacin ya juya su ya sa na ƙarshe a farko. Yarinya ta yi aure an ce ta ɗauki sunan miji a wata takarda, a wata kuma ba ta ɗauka ba. Ga kuma dubban mutanen da aka ba 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa domin gurbin ba ya yarda a bar shi fayau, alhali abin da uwar ta riƙe shi ne an haife shi da kaka, shekarar da aka yi kaza.

Haruffanmu ma ba su tsira ba. Tsohon tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Unicode ya zo a 1991, UTF-8 a 1992, kuma duk suna ɗauke da su, amma in manhaja ɗaya a tsakiyar hanya ba ta san da zamansu ba, Ɗanjuma zai fito da alamar tambaya a goshinsa. Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u kuma sun san fom ɗin da ke ƙin karɓar ɗan waƙafin da ke tsakiyar sunansu. Su cire shi a nan, su bar shi a can, shi ke nan sun zama mutum biyu.

Duk wanda ya taɓa zama a shagunan kafe da ke daura da ƙofar jami'a a Samaru lokacin rajista ya ga ƙarshen wannan. Janareta na ruri a waje, firinta na tari, ɗaliba na tsaye da fayil ɗin roba a ƙirji.

"Malam, ya ƙi wucewa kuma?"

"Ƙanwata, sunanki na nan ba shi ne na can ba. Can Aisha, nan Aishatu."

"To ai duk ni ce."

"Ni na sani. Ita ce ba ta sani ba." Ya nuna allon da haɓa.

Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai jarida a buga gyaran suna, sai kuɗin mota zuwa wani ofishi a wani gari. Littattafai biyu sun saɓa, sai aka mayar da yarinyar ta zama 'yar aike tsakaninsu da kuɗin aljihunta. Alhajin Sabon Gari ba zai taɓa yi wa abokin cinikinsa haka ba, domin in ya yi, gobe mutumin yana shagon maƙwabci. Ɗaliba ba ta da shagon maƙwabci.

Maganin da aka sani shi ne kada a ɗaura gane mutum a kan suna. A ba shi lamba wadda ba ta sauyawa, suna ya zama abin da ke rataye a jikinta. BVN da aka ƙaddamar a Fabrairun 2014 da NIN duk don haka aka yi su. Amma lamba ma tana son a faɗi wace ce ita: NIN lamba 11 ce, BVN lamba 11, lambar waya ma 11. Gurbin da aka ce "lamba" kawai zai haɗiye kowace. Lambar asusun banki ta NUBAN, mai lamba 10 da Babban Banki ya kawo a 2010, ta zo da dabara mai kyau: ta ƙarshen ana lissafo ta ne daga sauran tare da lambar bankin, don in yatsa ya zame a gane tun kafin kuɗi su tashi. Kuma irin waɗannan lambobi a ɗauke su a matsayin rubutu, ba abin tarawa da ɗebewa ba. Wanda ya taɓa zuba lambobin waya a Excel ya ga yadda sifilin farko ke ɓacewa, 0803 ta koma 803. Lambar da tsawonta ya wuce 15 kuma sai ya mayar da wutsiyarta sifili. Ma'aikaci ya buɗe fayil don ya duba kawai, ya adana, ya tura gaba, kuma ya lalata jerin mutum dubu bai sani ba.

Wuri ma sunansa ba ya isa. Jami'ar da duniya ta sani da Zariya, harabarta ta Samaru a ƙaramar hukumar Sabon Gari take. Akwai Sabon Gari a Kano. Akwai Samaru a Gusau, akwai Samarun Kataf a kudancin jihar Kaduna. A cikin ƙananan hukumomi 774 akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, akwai Bassa a Kogi da Filato. Sai a ce to a ba su lamba. Lambar wa? A jerin INEC Kaduna ce ta 18, Kano ta 19, Abuja ta 37. Wanda ya jera jihohi bisa haruffan Turanci ya saka FCT bayan Enugu, shi Kaduna ce ta 19 a wurinsa. Manhajoji biyu su yi musayar "19" cikin aminci, rabin mutanen Zazzau su wayi gari Kanawa. Tsarin kirki yana faɗin lambar, ya kuma faɗi jerin da aka ɗauko ta.

Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda cikin mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne tambayar da ba ta kwamfuta ba: in littafi biyu suka saɓa, na wa za a bi? A kasuwa an daɗe da raba wannan. Farashi na Alhaji ne. Abin da ya iso shago kuwa, mai tireda ne ya ƙirga, maganarsa ce gaba. Kuɗin da aka tura, alat na banki ne alƙali. Ba a ce littafin wane ya fi na wane gaba ɗaya ba, gurbi-gurbi aka raba. Haka ya kamata a yi wa bayanan ɗalibi: sunansa da ranar haihuwarsa daga rumbu ɗaya, gurbin karatunsa daga wani, sakamakonsa daga majalisar jami'a, shaidar biyansa daga wurin da kuɗin suka shiga. Sauran duk masu kwafi ne, kuma mai kwafi ba ya gyara da biro a kan nasa, sai ya koma wurin mai asali. Sauƙin faɗa gare shi. A zaune a tebur kuwa, duk ofishin da aka ce ya zama mai kwafi ji yake an rage masa girma, domin a ma'aikata wanda ke riƙe da littafi shi ake zuwa gaisarwa. Na fi yarda wannan ne ke kashe irin waɗannan ayyukan, ba ƙarancin masu ilimin kwamfuta ba. Samaru ba ta rasa su.

Lambar nan ja da ke saman rasidi ita ma tana da aiki fiye da ado. Yaro ya kai saƙon "an biya dubu hamsin", Alhaji ba ya nan, ya faɗa wa ƙaninsa. Da yamma mai tireda ya kira ya sake faɗa. In ba lambar da ke nuna biya ɗaya ne, sai a rubuta dubu ɗari. A wurin da wuta ke ɗaukewa, sabis na zuwa yana tafiya, manhaja takan aika saƙo, amsa ba ta dawo ba, ta sake aikawa, kuma daidai ta yi. Wajibi ne mai karɓa ya iya cewa wannan na riga na gan shi. Shi ya sa kowace tiransifa da ta bi ta NIBSS, wadda ta fara tura kuɗi nan take a 2011, take da doguwar lambarta ta kanta, wadda banki ke tambaya in an cire kuɗi ba su shiga ba. Saƙonni kuma sukan iso a juye, na biyu ya riga na farko, don haka kowanne ya zo da lokacinsa da matsayinsa a jeri, kada tsohon adireshi ya zo daga baya ya danne sabo.

Gogewa kuwa haramun ce. Ɗan kasuwar kirki in an dawo da kaya ba ya yage shafi, sabon layi yake ja ya rubuta an dawo da kaza ranar kaza. In ofishi ya share sunan ɗalibi daga littafinsa shiru, sauran ofisoshin ba su da hanyar sanin an share. A daren nan wani zai ga suna ya ɓace a can, ya ɗauka mantuwa ce, ya mayar da shi. Dole "an cire" ta zama saƙo mai zaman kanta. Haka gurbin da ba komai: sifili ne, ko ba a sani ba, ko bai shafe shi ba? Ɗalibin da ya ci sifili da wanda malaminsa bai kawo maki ba tukuna ba ɗaya ba ne, kuma an san wanda zai kwana da ciwon kai in manhaja ta haɗa su.

Akwai kuma haɗarin da ke ɗaya gefen, na tsarin da aka yanka a kan mutum ɗaya aka ce kowa ya saka. Rigimar IPPIS misali ce da ke gabanmu. An fara tsarin a 2007 don biyan ma'aikatan tarayya daga wuri guda da toshe ma'aikatan bogi, kuma niyyar ba ta da laifi. Amma ƙorafin da ASUU ta riƙa yi shi ne ba shi da gurbin malamin da ya tafi hutun shekara na bincike a wata jami'a, ko mai koyarwa na ziyara, ko farfesan da ke ritaya a shekara 70 alhali ma'aikacin gwamnati na barin aiki a 60. Ƙungiyar ta fito da nata, UTAS, aka yi ta ja har maganar ta shiga cikin dalilan yajin aikin 2022, kafin majalisar zartarwa ta cire manyan makarantu daga tsarin a Disambar 2023. Kowa na da ra'ayinsa kan wa ya fi gaskiya. Abin da ya fito fili dai shi ne, in ba a zauna da masu cika gurabe ba kafin a buga rasidin, za su cika shi da ƙarya ko su ƙi karɓarsa.

Kuma rasidi ba ya dawwama. Hukumar NUC ta fito da sabuwar manhajar karatu ta CCMAS a Disambar 2022, kashi 70 daga hukuma, 30 daga kowace jami'a, da sababbin lambobin kwasa-kwasai. Na tsawon shekaru ɗaliban tsohon tsari da na sabo za su zauna a rumbu ɗaya, kuma takardar sakamako dole ta iya faɗin da wanne aka auna mutum. Saboda haka kowane saƙo ya ɗauki lambar bugunsa a goshi. Ana iya ƙara sabon gurbi, tsofaffin manhajoji su tsallake shi. Abin da ba a yi shi ne a sauya ma'anar tsohon gurbi a bar sunansa. Bankunan duniya da ke kan SWIFT, da duk kuɗinsu, sai da suka bar tsohon saƙo da sabon ISO 20022 suna tafiya tare daga Maris 2023 zuwa Nuwamban 2025. Wanda ya ce zai sauya na jami'a a daren Lahadi, a tambaye shi ko ya taɓa ganin layin rajista.

Kwaɗayin a zuba komai a cikin tsarin shi ma a yi hattara da shi. Rasidin Alhaji ba ya faɗin ribarsa, ba ya faɗin wanda ya saro wa kayan. Ofishin ɗakin kwana yana buƙatar sanin ko yarinya ta biya, ba ya buƙatar lambar asusun mahaifinta. Ɗakin karatu ba ruwansa da katin asibitinta. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce a tattara iyakar abin da aikin ke buƙata, kuma ko ba doka, gurbi ashirin da kowa ya fahimta sun fi ɗari uku da kowa ke cikawa yadda ya ga dama.

Gurbin da aka fi mantawa da shi a teburin tsarawa shi ne na ƙi. Ana tsara yadda saƙo zai tafi in komai daidai ne, a bar yadda zai dawo in an ƙi shi, sai allo ya nuna jan rubutu cewa bayanai ba su dace ba, ya yi shiru. Amsar ƙi ita ma tana son siffa ɗaya kamar sauran: wane gurbi ne ya saɓa, me aka rubuta a nan, me aka rubuta a can, wane ofishi ne mai asalin, kuma wace takarda yake nema kafin ya gyara. Layi biyar ne a cikin tsarin. Da su, ɗalibar da ke hutu a Malumfashi ko Ikara za ta san ofishin da za ta nufa da takardar da za ta riƙo tun kafin ta biya kuɗin mota.